Kalmar "Ƙila": Daga Zauren Malamai zuwa Bakin Jama'a

Bahaushe yana da kalmomi da dama na nuna rashin tabbas, kamar kokwanto da tababa da shakka, amma babu wadda ya fi riƙo da ita kamar "ƙila" da 'yar'uwarta "wataƙila". Asalinta Larabci ne, wato "ƙiila", ma'ana "an ce". Harafin ƙafun Larabci ya zama ƙ a Hausa, kamar yadda ya faru a alƙali da alƙalami.

Hanyar shigowarta ita ce abin lura. A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani wanda ya rasu a shekarar 996, mawallafi yakan kawo hukuncin da ya fi ƙarfi tukuna, sa'an nan ya bi shi da "wa ƙiila", ya kawo wani ƙaulin. Malaman hadisi ma suna lissafa wannan lafazi cikin sigogin da ke nuna raunin ruwaya. Ɗalibin da ya daɗe yana jin haka ya san duk zancen da ya biyo bayan "ƙiila" ba a cika dogara da shi ba. A ganinmu, daga nan ne ma'anar ta gusa daga "an ce" ta koma "mai yiwuwa ne", kuma kunnen Bahaushe ya ɗauki "wa ƙiila" ya mayar da ita "wata ƙila", wato wani ƙaulin dabam.

Tsohuwar ma'anar ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Tana nan cikin "ƙila-wa-ƙala", zancen da ba shi da tushe, wanda hadisin Bukhari da Muslim ya nuna Allah yana ƙinsa. Amma a zancen yau da kullum "wai" ce ke ɗaukar nauyin jita-jita. Wanda ya ce "wai Sarki zai zo" ya jingina maganar ga wani. Wanda ya ce "ƙila Sarki zai zo" hasashen kansa ya faɗa. Mai fassarar labarai da ya musanya su ya sauya wa maganar mai ita.

Akwai kuma ladabi a cikinta. Ƙarami ba ya cewa da babba "a'a" kai tsaye. Sai ya ce "to, wataƙila", babban kuwa ya gane an ƙi. Hausawa sun lura har baƙo ya koyi wannan dabara, shi ya sa suke cewa wataƙila ta hana Bature ƙarya.