Asalin Kalma: Bishara

Yaro ya shigo gida a guje yana cewa "Albishirinki, Inna!" ita kuma ta amsa da "Goro!" Wannan albishir da bishara tushensu ɗaya, Larabci ne ya ara wa Hausa, ma'anarsu labari mai faranta rai.

Malaman Musulunci sun daɗe da kalmar. Sukan ce bushara, kamar sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna.

A bakin Hausawa Kirista kuwa ta ɗauki wani nauyi. Tun zamanin Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zaunar da Isawa, mabiya Annabi Isa, a Gimi ta ƙasar Maƙarfi kafin cutar barci ta watsa zaman, bishara ta zama sunan saƙon Yesu Almasihu. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kalmar ta ƙara kafuwa. Yau a majami'un Ikara da Maƙarfi, "mai bishara" muƙami ne, "aikin bishara" kuma shi ne kai wa'azi ƙauyen maƙwabta ko ƙasar waje.

Albishir dai ya zauna a gida da kasuwa, har gobe tukuicinsa goro ne.