Kurma a Gaban Likita: Waye Ke Magana da Yawunsa?

Ƙasar Hausa ba ta rasa tausayin naƙasassu ba. Tun kaka da kakanni akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, hannu kuma ba ya nauyi wajen miƙa sadaka. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne yarda cewa mai lalura yana da ta cewa a kan al'amarinsa, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar ɗakin ganin likita.

A ɗauki matar aure kurma da ta je awon ciki. Likita bai iya maganar hannu ba, sai a ce uwar miji ko ƙanen matar ya shigo ya yi tafinta. Ciwon da ko mai ji take jin nauyin faɗa, dole ya bi ta hannun suruka, wadda za ta rage abin da ta ga dama. In aka zo batun tiyata, wani ne zai ce "ta yarda", ita kuwa tana zaune tana kallon leɓɓa na motsi. Sirrinta ya tonu, amincewarta ta zama ta aro, alhali duk wanda ke ɗakin yana ganin taimako ya yi.

Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ga irin waɗannan majinyata. Sai dai akwai ƙulli. Yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame ya samo asali ne daga na Amurka, wanda wani mai suna Andrew Foster ya kawo Afirka ta Yamma. Kurman da bai shiga aji ba kuwa maganar hannu ta gida ya iya, wadda wata mai bincike, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta nuna cewa harshe ce mai zaman kanta. Tafintan da ya san na makaranta kaɗai zai iya tsayawa gaban 'yar ƙauye su kasa fahimtar juna.

Don haka a ganina, ɗaukar tafinta kawai bai wadatar ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi su zauna da ƙungiyoyin kurame, su horar da masu harsunan biyu, su ɗauki kuramen kansu aiki da albashi, sannan a ɗaure kowane tafinta da alkawarin riƙe sirri irin wanda ke wuyan likita.