Kwandon Littattafai: Tarihin Ɗakin Karatu na Nima da Maamobi

Unguwar Nima ta birnin Accra ta kafu ne wajen shekara ta 1931, sa'ad da wani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga hannun mutanen Ga. Baƙi suka yi ta zuwa daga arewacin Ghana da Nijeriya da Nijar da Mali, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na titi. Maamobi ma ta cika a gefenta.

Amma gwamnatin mulkin mallaka ba ta sa waɗannan unguwanni cikin tsarin birni ba. Makarantun boko kaɗan ne. Iyaye Musulmi da yawa kuwa suna tsoron makarantun mishan, kada 'ya'yansu su bar addinin gida. Saboda haka yara da dama suka tsaya ga makarantar allo, waɗansu kuma suka shiga talla da dako. A shekara ta 1987 ne gwamnatin Ghana ta kafa sashen ilimin Musulunci, domin a haɗa karatun addini da na boko.

A cikin wannan hali ne wata mace 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta zo Accra tare da iyalinta a 1989. Ta lura cewa 'ya'yan maƙwabtanta ba su da littafin karantawa ko ɗaya. A 1990 ta ɗauki kwando cike da littattafai, ta zauna a gindin itace cikin lambun gidanta, tana yi wa yara 6 karatu. Ba da daɗewa ba suka kai 150, gareji ma ya kasa ɗaukarsu. A 1992 aka gyara kwantena mai tsawon ƙafa 40 a unguwar Osu, ta zama ɗakin karatu.

A 1993 ta koma ƙasarsu, ta zauna a Winnipeg. Mutane kan ce in baƙo ya tafi, aikinsa ya bi shi. Wannan bai bi ta ba, gama ta riga ta koya wa 'yan ƙasa yadda za su riƙe shi. Daga can ta ci gaba da neman taimako ta ƙungiyarta, Osu Children's Library Fund. A 1998 aka buɗe ɗakin karatu na Nima da Maamobi, inda hukumar birnin Accra ta ɗauki biyan albashin ma'aikata.

A wannan ɗaki ba a tambayar yaro addininsa ko ƙabilarsa. Sai dai ya wanke hannu kafin ya taɓa littafi. Manya waɗanda ba su taɓa shiga aji ba su ma suka sami darasin yaƙi da jahilci. Daga baya ƙungiyar ta buga littattafai masu hotunan yaran Ghana, domin yaro ya ga irin fuskarsa a shafi. Da haka ɗan Zongo ya gane cewa littafi nasa ne shi ma.