Tarihin Fanisau Yana Ina? Ma'adanar Jami'a, Intanet da Matsalar Fihirisa

Fanisau gari ne da ke arewa da birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yanzu. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mayar da shi ribaɗi a lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, kuma a can ne Baturen nan Hugh Clapperton ya iske Sarkin a 1824. Bayan ƙura ta lafa, garin ya zama ɗaya daga cikin manyan gandayen sarauta, inda bayi suke noma hatsin da ake kai wa fada. Gari mai irin wannan asali ya cancanci 'ya'yansa su san labarinsa dalla-dalla. To amma ɗalibin da ya tashi a Fanisau, ya ƙudiri aniyar rubuta tarihin garinsu, ina zai dosa?

Hujjojin a warwatse suke. Jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu yana cikin littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Rahotannin haraji da na zagayen gunduma da jami'an mulkin mallaka suka rubuta suna Ma'adanar Ƙasa ta Kaduna. Muryoyin dattawan garin kuwa suna cikin kaset-kaset ɗin da Yusufu Yunusa ya naɗa a 1975, a ƙarƙashin wani aikin bincike na tarihin tattalin arziki da Paul Lovejoy ya jagoranta a Jami'ar Ahmadu Bello. A kan waɗannan hirarraki ne Mohammed Bashir Salau ya gina kaso mai tsoka na littafinsa game da gandun Fanisau, wanda ya fito a 2011, a Amurka, da Turanci. Ke nan dai an adana labarin garin, an kuma yi nazarinsa, amma mutanen garin su ne na ƙarshe da zai isa gare su.

A 'yan shekarun nan ana yawan cewa intanet ta warware wannan matsala: a ɗauki hoton takardu, a ɗora su, kowa ya gani daga inda yake. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke mayar da hoton takarda ya zama tarihin wani gari shi ne bayanin da aka rataya masa: wa ya rubuta, a ina, yaushe, waɗanne garuruwa da mutane aka ambata. Wannan shi ne fihirisa, kuma a nan ne ma'adanan jami'o'i, na gida da na waje, suka fi rauni ga mai neman tarihin ƙauyensu.

Raunin yana da asali. Lokacin da masanin tarihi Abdullahi Smith da abokan aikinsa suka kafa shirin binciken tarihin Arewa a farkon shekarun 1960, suka bi gidajen malamai suna ɗaukar hoton littattafai, tambayar da ke gabansu babba ce: su nuna cewa ƙasar nan tana da rubutaccen tarihi tun kafin zuwan Turawa. Murray Last ya zauna da littattafan Waziri Junaidu a Sakkwato, ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. A 1970 aka kafa cibiyar Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna. Aiki ne da ba wanda zai raina, domin ba don shi ba da yawancin abin da muke taƙama da shi yau gara ta cinye. Sai dai an tsara fihirisar bisa sunan marubuci da sunan littafi. Wannan tsari ya dace da mai neman rubuce-rubucen Shehu Usmanu ko Abdullahin Gwandu ko Muhammadu Bello. Mai neman sanin yadda aka raba gonaki a garinsu, ko lokacin da Buzaye suka kafa unguwa a can, ba ya da ƙofar shiga, don babu wani fitaccen marubuci da zai nema da sunansa.

Littattafan Malam Umar Falke misali ne mai kyau. Malami ne kuma ɗan kasuwa a Kano, ɗan ɗarikar Tijjaniyya, wanda ya rasu a 1962. Tarin takardunsa, fiye da 3,000, yanzu yana ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern da ke Amurka. A ciki akwai fiƙihu da tauhidi da waƙoƙi da asirai da wasiƙu, da Larabci da ajami. Irin wannan tari, na mutum ɗaya da ya yi fatauci ya kuma yi karatu, shi ne ya fi nuna yadda rayuwar unguwa take: abin da ake karantawa, wanda ake rubuta wa wasiƙa, cutar da ake neman magani dominta. Kafin a ga haka sai an sami wanda ya san unguwannin Kano da gidajen malamanta ya zauna ya gane sunayen da ke gefen shafi. Na'urar ɗaukar hoto ba ta san kowa ba.

Ayyukan zamani sun kawo sauƙi na gaske. Shirin ceto ma'adanan da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin ɗora takardu daga ma'adanar Kaduna a intanet kyauta. Jami'ar Boston, a ƙarƙashin jagorancin Fallou Ngom, ta buɗe taskar ajami wadda ke ɗauke da rubuce-rubucen Hausa da kowa zai iya buɗewa a wayarsa. Ɗalibin da a da sai ya nemi kuɗin mota zuwa Kaduna da takardar gabatarwa daga sashensu, yanzu yana iya duba shafi yana zaune a ɗaki. Amma yawanci da Turanci ake nema a waɗannan shafuka, sunayen garuruwa kuma kowa da yadda ya rubuta su. Wani ya sa Fanisau, wani Panisau, Turawan farko kuma suna da nasu salon. Injin nema ba ya haɗa su sai an gaya masa. Takardar ajami kuwa hoto ce kawai a wajen kwamfuta. In ba a juya ta zuwa boko ba, ko sunan garin ya fito sau goma a cikinta ba za a samo ta ba.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce ceto shi ne farilla, bayani kuwa nafila ce da za ta iya jira. A kan kaset, yana da gaskiya. Kaset ɗin da aka naɗa a 1975 ya kai shekarun lalacewa, kuma kowace bazara tana rage masa ƙarfi. Abin da hujjar ta manta shi ne masu iya yin bayanin su ma ba dawwama za su yi ba. Tsohon da zai ji muryar da ke kaset ya ce wannan wane ne, gonar da yake faɗa kuma ita ce inda makaranta take yanzu, ya fi kaset saurin gushewa.

Akwai kuma batun baje kolin tarihi a intanet, inda ake zaɓo takardu da hotuna kaɗan a jera su su ba da labari. Zaɓi hukunci ne. In aka bar shi ga abin da ya fi kyan gani, za a koma kan hawan daba da hatimin sarki, a bar manoma da mata da bayi a inda tsoffin littattafai suka bar su. A gari irin Fanisau lamarin ya fi haka nauyi, domin hirarrakin suna ambaton sunaye, jikokin waɗanda aka ambata kuma suna nan da ransu, suna aure suna aurarwa. Abin da ya zauna lafiya a cikin akwati a Zariya yana iya zama abin gori in ya shiga waya. Ba malamin jami'a ne kaɗai zai yanke abin da za a bayyana da abin da za a sakaya ba. Dole mutanen garin su kasance a zaman.

Kayan gyara suna hannunmu. Kowace shekara ɗaliban tarihi da na Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna rubuta kundayen kammala digiri a kan garuruwansu, tare da hirar dattawa, sannan a jibge su a kabad. Waɗannan kundaye su kansu ma'adana ce ta tarihin ƙauyuka da babu irinta a Landan ko Boston. Ina kira ga shugabannin waɗannan sassa su fara da abu ɗaya: fihirisa da Hausa, wadda aka tsara bisa sunan gari, mai haɗa kundayen ɗalibai da fayilolin Kaduna da kaset-kaset da abin da ke intanet, kuma a ɗora wa kowane ɗalibi nauyin cika shafin garinsu kafin a sa hannu a kundinsa.