Tarihin Gane Ciwon Ƙaramin Inji

A shekarar 1876 ne Nikolaus Otto, mutumin Jamus, ya kammala injinsa mai bugu huɗu, wanda asalin hikimarsa ita ce a matse cakuɗen iska da mai a cikin silinda kafin a sa masa wuta, domin gwargwadon matsin, gwargwadon ƙarfin da zai tura fistan. Tun daga ran nan kuwa ma'abota kanikanci suka gaji wata mas'ala da ba su rabu da ita ba har yau, watau yadda za a tsare wannan iska kada ta sulale. Abin da ya rufa musu asiri shi ne zoben ƙarfe mai tsaga, wanda makanikai ke kira ringi, wanda John Ramsbottom, injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, ya ƙago tun 1852 saboda injin tururi. Amma kowane ringi, komai ingancinsa, sai ya bar ɗan hayaƙi ya zurara ta gefen fistan zuwa ma'ajiyar baƙin mai. Idan kuwa ya ci, ko bangon silinda ya zaizaye, sai zurarar ta zama illa, ƙarfi ya ragu, inji ya riƙa shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi.

Wannan mas'ala ba ta shiga gidajen talakawa sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da mutanen Amurka suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari, kowa da filin ciyawarsa da ɗan lambunsa. A 1946 Elmer Pond ya soma haɗa ƙananan taraktoci a South Bend ta jihar Indiyana, waɗanda daga baya suka shahara da sunan Wheel Horse. A 1963 kuma kamfanin John Deere ya fito da tasa mai lamba 110, ɗauke da injin kamfanin Kohler mai ƙarfin doki 7. Ta haka malamin makaranta da akawu, waɗanda ba su taɓa zama almajiran kowane makaniki ba, suka wayi gari da inji mai silinda guda a rumfarsu, tilas kuma su koyi gane baɗininsa daga zahirinsa.

Hanya ta farko da suka bi ita ce ma'aunin matsi: a cire filogi, a ɗaura ma'auni a gurbinsa, a juya inji, a karanta allura. Idan adadin ya yi ƙasa, sai a ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin filogin a sake gwadawa. In ya tashi, an san laifin ringi ne, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci, in kuwa ya tsaya inda yake, sai zargi ya koma kan bawul ko gasket ɗin kan silinda. Istidlali ne mai kyau ƙwarai, kuma ina ganin wanda ya fara tunaninsa ya cancanci yabo, ko da yake tarihi bai adana mana sunansa a bakin makanikai ba.

Sai dai masu ƙera injin da kansu ne suka raunana wannan hujja, alhali nufinsu alheri ne. Saboda tausayin kafaɗar mai jan igiya, kamfanin Briggs & Stratton na Milwaukee a farkon shekarun 1960, sa'an nan Kohler a 1965, suka shigar da dabarar da ke ɗaga bawul kaɗan a lokacin tayarwa, don matsin ya yi sauƙi; a injin Kohler, da zarar ya kama gudu, dabarar sai ta janye da kanta. Sakamakon haka ma'auni ya zama kamar shaidan da ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, amma bai ga dukkan al'amarin ba, har lafiyayyen inji ya riƙa nuna adadin marar lafiya. Littattafan gyara na Briggs ma sun daɗe ba su bayyana adadin matsi ba. Umarninsu shi ne a murɗa faifan ƙarfe mai nauyi na injin da baya, in ya dawo da ƙarfi, to, matsin ya wadatar.

Daga nan ne gwajin zurarar iska, wanda makanikan jirgin sama suka daɗe da dogara da shi, ya sami karɓuwa. Akan tsayar da fistan a ƙololuwarsa, bawul biyu a rufe, a riƙe injin gam don kada ya juya, a hura iska mai ƙarfi ta ramin filogi, sa'an nan makaniki ya duƙa ya kasa kunne. In ya ji huci ta bakin kafireto, bawul ɗin shiga ne. In ta salansa, na fita ne. In kuwa ya buɗe murfin zuba mai ya ji iska tana busa masa a kunci, to, ringi ya gama aiki. A ra'ayina wannan ita ce hanya mafi adalci, domin ma'auni yana cewa akwai ciwo ne kawai, ita kuwa tana nuna muhallinsa tun ba a kwance ƙusa ko guda ba.

Taraktar lambu baƙuwa ce a ƙasarmu, amma 'yan'uwanta sun cika fadamu da unguwanni, daga injin ban ruwa zuwa janareto da injin markaɗe, kuma babban abokin gabar ringinsu shi ne ƙurar hunturu da ke bi ta matatar iska da ta yage ko aka cire. Don haka ina roƙon makanikanmu, kafin su ce wa manomi a sauke inji, su gwada da ɗigon mai, su saurari inda iskar ke fita, su kuma duba matatar iskar da ƙurar ta bi.