Yadda Kasuwa Ta Ƙaura Daga Katsina Zuwa Kano

A ƙarni na 18, Katsina ita ce babbar kasuwar ƙasar Hausa. A nan ayarin Larabawa da na Abzinawa suke sauke kaya bayan sun ƙetare Sahara. Amma kafin tsakiyar ƙarni na 19, wannan matsayi ya koma Kano.

Dalilin haka shi ne ƙaurar jama'a. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa, suka kafa Maraɗi, daga can suka riƙa kai hare-hare. Fatake kuwa ba sa zama inda hanya ba ta da aminci. Sai Larabawa da Agalawa da Tokarawa suka riƙa gangarowa ƙasar Kano. Ba su zo hannu rabbana ba, sun zo da jari da dabbobin sufuri da sanin hanyar Gwanja ta fataucin goro.

A 1851 da Baturen nan Barth ya ziyarci biranen biyu, ya ƙiyasta mazauna birnin Katsina ba su wuce 8,000 ba, na Kano kuwa sun kai 30,000. Daga zuriyar Agalawan nan aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, wanda ya shahara a cinikin goro da gyaɗa.

Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai cewa ganuwa ba ta tsare arziki. Inda ɗan kasuwa ya sami kwanciyar hankali, can dukiya take binsa.