Allura da Zare a Tarihin Aikin Hanta

Ran 24 ga watan Yuni na 1894, a birnin Liyon, wani ɗan Italiya ya daɓa wa shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa. Ta yanke babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji zuwa hanta. A lokacin ɗinkin jijiya bai zama abin dogaro ba, kafin gari ya waye shugaban ya cika.

Alexis Carrel yana ɗalibin likita a garin, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya je wurin wata gwanar surfani, Madam Leroudier, ya koyi sarrafa siririyar allura da zaren siliki. A 1902 ya bayyana dabararsa: a kafa zare uku a bakin jijiya, a ja su har da'irar ta koma kusurwa uku, sannan a ɗinke gefe bayan gefe. A 1912 aka ba shi lambar Nobel.

Wannan jijiya da ta kashe Carnot, ta cikinta ne sankarar hanji ke bi ta sauka a hanta. A da, in ta kai nan, sai addu'a. A 1908 Pringle, likitan Gilasgo, ya nuna yadda ake matse mashigar jinin hanta na ɗan lokaci. A 1952, a Faris, Lortat-Jacob ya ba da labarin cire ɓangaren dama na hanta bayan ɗaure jijiyoyinsa. A 1957 Couinaud ya zana hanta kashi takwas, kowane da jijiyarsa. A 1988, a Jamus, Pichlmayr ya fitar da hanta daga ciki, ya yanke ƙarin, ya mayar da ita.

Yau, idan ƙari ya manne wa jijiya, ana iya yanke wurin, a yi maho da wata jijiya daga wuya ko cinyar majiyyacin, ko da bututun roba. Sauran hantar kuwa tana sake tohowa.

Sai dai wannan gwaninta tana amfanar wanda ya zo da wuri ne. A 2021 aka fara gashin sankara a Yamai, amma daga Dagmanet zuwa can ya haura kilomita 900. Saboda haka akwai nauyi a kan malamai da ƙungiyoyi: su faɗa wa jama'a cewa ba kowane jini a bayan gida ne basir ba, a je a gwada. Su kuma tuna wa ɗalibai cewa hannun da maɗinka da dukawan Agadas ke horarwa, irinsa ake nema a ɗakin tiyata.